Shin Ko Kun San? Jan Bokiti Ba Ya Shiga Kicin

Shin ko kun san cewa a asibitocin gwamnati na Ingila, launin bokiti ne ke faɗin inda aka yarda a shiga da shi? Ja na banɗaki ne da wurin wanka. Kore na kicin ne da duk inda ake raba wa majinyata abinci. Shuɗi na ɗakunan kwanciya ne da ofisoshi. Rawaya kuwa na ɗakin da aka keɓe mai cuta mai yaɗuwa. Kuma ba bokiti kaɗai ba. Tsumma, soso, mofa, safar hannu, har rigar ledar da mai aiki ke ɗaurawa a gaba, kowanne da launin sashensa. A watan Janairun 2007 hukumar kare lafiyar majinyata ta ƙasar ta fitar da wannan tsari. Kafin nan kowane asibiti da nasa launukan, ta yadda mai shara in ya canza wurin aiki sai ya tarar launin da ya sani na banɗaki, a sabon wurin na wani sashe ne daban.

Shin ko kun san cewa ainihin wannan dabara tana gidajen cikin birnin Kano tun kafin a san roba? Ku shiga gida a Ƙofar Na'isa, ko ku miƙe ciki zuwa Diso da Mandawari, ku ƙirga tsintsiya. Akwai ta laushi ta ɗaka. Akwai ta kwakwa ta tsakar gida. Akwai kuma wata guntuwa da ta ci ƙasa, jingine a bayan ƙyauren makewayi, wadda ko yaron goye ya ɗauko ta za ka ji an daka tsawa daga madafi: "Kai, ajiye! Ta bayi ce!" Takalmin shiga banɗaki yana bakin banɗaki. Moɗar randa ba ta kwana a ƙasa. Tun yaro bai iya magana sosai ba ake koya masa dama ta ci ce, hagu ta tsarki. Ba wanda ya shafa wa tsintsiyar nan fenti, domin babu bukata. Uwar gida ta san kayanta ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum tana nan.

To shago ba haka yake ba, kuma a nan maganar take. A gidan abinci yaron safe daban, na dare daban. Wani shekaranjiya ya zo daga ƙauye aka ɗauke shi aiki. Mai wurin ya tafi cefane kasuwar Rimi, ko ya shiga masallaci. A bayan shago ga baƙaƙen bokitai biyu iri ɗaya sak, ɗaya an wanke banɗaki da shi da asuba, ɗaya na ɗauraye faranti ne. Wa zai gaya wa sabon yaro wanne ne wanne? Sanin da ke kan uwar gida, a shago ba shi da mazauni, domin hannuwa sun yi yawa kuma suna canzawa. Launi shi ke riƙe wannan sani, ko mai shago na nan ko ba ya nan. Ba ya bukatar a iya karatun boko ko na ajami, ba ya bukatar a ji yare ɗaya.

Shin ko kun taɓa bin tsumma ɗaya da ido na minti goma? Ku gwada a daren yau. Ku fito ta Ƙofar Na'isa zuwa titin BUK bayan isha'i, ku zauna a bencin mai shayi, ku bar kallon wayarku ku kalli tsumman da ke kafaɗarsa. An fasa ƙwai huɗu a kofi, ruwan ƙwai ya ɗiga a tebur, tsumma ya share. An ɗauko wuƙar yanka burodi, an ja ta a jikin tsumma gaba da baya. An ɗauraye faranti, tsumma ya tsane shi kafin a juye indomi. An karɓi kuɗi an ba da canji, an goge yatsu. Iska ta kaɗa, ya faɗi gindin tebur inda ruwan wanke-wanke ya jiƙa ƙasa, an ɗauke an kakkaɓe, ya koma kafaɗa. Mutumin nan ba ƙazami ba ne. Kofunansa na ƙyalli, teburinsa tas, yana ma gogewar ne domin son tsafta. Abin da ya rasa shi ne tsumma na biyu da na uku. Ɗayan da yake da shi ya zama ɗan aike tsakanin ɗanyen ƙwai, ƙasa, takardar kuɗi da bakin mai ci.

Shin ko kun san cewa a 2017 wasu masu bincike na jami'ar Furtwangen a Jamus sun duba soson wanke-wanke da aka yi amfani da shi a gidaje, suka tarar a wani gurbin ƙwayoyin bakteriya sun kai biliyan 54 a ɗan gutsuren da bai kai dunƙulen magi ba? A Jamus ke nan, ƙasar sanyi da ruwan famfo. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne: laima, ɗumi da ɓurɓushin abinci, abubuwa ukun da bakteriya ke nema, duk suna cikin soso. In yanayi ya yi mata daɗi, ƙwaya ɗaya kan rabu biyu duk minti 20. Ku lissafa: cikin awa bakwai ɗaya ta haura miliyan biyu. Daga sallar asuba zuwa azahar ke nan. Sai ku tuna zafin Kano a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke taɓa 40, da tsumman da aka dunƙule a jiƙe aka cusa cikin bokiti tun daren jiya.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan fage bai sani ba. Tsumma na iya zama fari fes alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda. Ƙwayar shigela, mai sa atini da kashin jini, guda 10 zuwa 100 sun isa su kayar da babban mutum. Ba ta sauya launin ruwa, ba ta sauya ɗanɗanonsa, ba ta da wari.

Shin ko kun san cewa a ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya kowace shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu? A cikin mamatan, 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyarmu ce ta fi jin jiki gwargwadon yawan jama'a: a Afirka sama da mutum miliyan 91 ke kamuwa, kimanin 137,000 su rasu. A nan gida, shekarar 2021 ba ta mantuwa. Hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton kwalara ce ta kama su a Najeriya, sama da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari tare da Bauchi da Jigawa. Gurɓataccen ruwan sha shi ne babbar hanyar kwalara, wannan ba musu. Amma hanyar duk ɗaya ce da ta taifot da atini: daga bayan gidan wani zuwa bakin wani. Bokitin da ya je banɗaki ya dawo wurin wanke kwano yana kan wannan hanya. Ƙwayar taifot ma ba ta da wani mazauni sai jikin ɗan Adam, don haka duk wanda ta kama, daga wani mutum ta fito.

Shin ko kun san cewa a manyan kicin na otal-otal har katakon yanka yana da launi? A tsarin da ya fi yaɗuwa a Birtaniya, ja na ɗanyen nama ne, shuɗi na ɗanyen kifi, rawaya na dafaffen nama, kore na 'ya'yan itace da ganyen da ake ci ɗanye, ruwan ƙasa na irin su dankali da karas masu zuwa da ƙasa a jiki, fari na burodi da cuku. Dalilin shi ne na biyu cikin shawarwari biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke yaɗawa tun 2001 game da abinci: a raba ɗanye da dafaffe.

Wannan ya fi shafar masu tsire da balangu da gasasshiyar kaza. Wuta tana yin nata aikin. Naman da cikinsa ya kai zafin digiri 70 ya kuɓuta daga mafi yawan ƙwayoyin cuta. Matsalar tana zuwa ne bayan an sauke. Wuƙar da ta feɗe ɗanyar kaza da la'asar, ita ce ke yayyanka gasasshiyar da magariba, ita ce kuma ke yanka albasa da tumatir da kabeji da kokwamba, waɗanda ba za su ga wuta ba har su shiga ciki. Hanjin kaji mazaunin ƙwayoyin salmonela ne da kamfilobakta, kaza na yawo da su lafiyarta ƙalau. Sau da yawa mutum zai kwana yana zarya ya ce naman ne bai gasu ba, alhali naman ya gasu, albasar ce ta ɗauko daga wuƙa. Wuƙa biyu da katako biyu sun rufe wannan ƙofa. A naɗa jan tef a ƙotar ta ɗanye, shi ke nan.

Sai dai a kula da wani ruɗani a nan. Ja a katakon yanka yana nufin ɗanyen nama, ja a kayan shara yana nufin banɗaki. Tsari biyu ne mabambanta. Kada yaro ya ga jan katako a kicin ya ɗauka jan tsumma ne abokin gogarsa. A kayan goge-goge, ja ba ya tsallaka ƙofar kicin ko da wasa.

Shin ko kun san cewa a masana'antun sarrafa abinci an fi son buroshi da safar hannu da filasta masu launin shuɗi? Abincin da Allah ya halitta shuɗi kaɗan ne ƙwarai. In silin buroshi ya gutsure ya faɗa cikin ƙullu ko gari, nan take za a hango shi.

Shin ko kun san cewa launukan nan ba dokar duniya ba ce? A Ostareliya sun ƙara fari na ɗakin tiyata. Wasu kamfanonin shara a Birtaniya suna ba rawaya aikin goge wurin wanke hannu da famfo a banɗaki, su bar ja ga masai da daɓe kawai. A asibitocinmu na Najeriya kuma akwai wani tsarin launi na kwandon shara: baƙi na sharar yau da kullum, rawaya na abin da ya taɓa jini ko ruwan jikin majinyaci, ja na mafi haɗari, allurai kuwa cikin kwalinsu na musamman. Abin da ya zama dole shi ne wuri ɗaya ya tsaya a kan tsari ɗaya, kowa ya san shi, kada a canza don an ga bokiti mai araha a kasuwa. Ni dai a ganina a bar ja ga banɗaki ko'ina, domin a kansa ne kusan kowa ya haɗu, kuma ido ya saba ɗaukarsa a matsayin gargaɗi.

Shin ko kun san cewa a duk Arewa babu garin da wannan tsari ya fi sauƙi kamar Kano? Kamfanonin roba na Sharaɗa da Challawa da Bompai suna fitar da bokiti, baho, buta da abin kwashe shara kala-kala, kuma Sharaɗa ba ta da nisa da Ƙofar Na'isa. Ku je Ƙofar Wambai ko kasuwar Sabon Gari ku ga yadda ake jera su sama da tsayin mutum, ja a kan kore a kan shuɗi. Kuɗin jan bokiti da koren bokiti ɗaya ne. Muna sayen launin ne kawai yadda hannu ya faɗa. Garin da karofinsa na Ƙofar Mata ke rini tun 1498 bai kamata a ce launi ya gagare shi ba.

Wanda ma ba shi da halin sayen sabo, akwai hanya. Ragowar fentin mai a gwangwani ya isa a zagaye bakin bokiti da ƙotar mofa. Tsintsiya a ɗaure gindinta da ƙyalle mai launi. Tela na unguwa yana da buhun ƙyallaye da yake rasa yadda zai yi da su, a roƙi yadi mai launi ɗaya a yanka tsummoki a kalmashe bakinsu. Sannan a kafa ƙusa a bango, kowane launi da tasa, nesa da juna. Wannan na ƙusa ba ƙaramin abu ba ne. In an raba launi da rana, da daddare kuma aka tattara jan mofa da koren tsumma aka zuba a baho ɗaya, an yi aikin baban giwa. Kayan banɗaki su kwana a ɓangaren banɗaki.

Shin ko kun san cewa akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore? Halitta ce da ake gado, ta fi yawa a maza. A tsakanin Turawa kusan namiji ɗaya cikin 12 ne, mace ɗaya cikin 200. A Afirka abin bai kai haka ba, amma akwai shi, kuma da yawa ba su san suna da shi ba. Abin lura shi ne launuka biyun da suke rikitawa su ne na banɗaki da na abinci. Ƙari a kan haka, a lungun bayan shago da daddare in an ɗauke wuta, kowa ma launi na iya ɓace masa. Don haka a haɗa launi da wata alama: a rubuta "bayi" da boko da ajami, a zana babban kuros a jikin bokitin, ko kuma a sayi na banɗaki da siffa daban, mai murabba'i misali, sauran masu zagaye. Hannu ya gane ko ido bai gani ba.

Shin ko kun san cewa launi ba ya wanke komai? Koren tsumma mai datti, mai datti ne. Na ga wuraren da aka sayi kaya kala huɗu aka jera domin idon baƙi, ruwan bokitin kuwa tun na safe ne, ya yi kauri ya yi baƙi, ana ta shafa shi a daɓe. Wannan ya fi ba ni takaici a kan wanda bai sani ba sam. Ga abin da masana tsaftar asibiti ke koyarwa, kuma duk mai shago zai iya:

A fara daga wuri mai tsafta a ƙare a mai datti, daga sama a gangaro ƙasa. Banɗaki shi ne na ƙarshe, a banɗakin ma masai ne na ƙarshe. A ninke tsumma biyu, a sake ninkewa, sai ya ba da fuska takwas, in ɗaya ta yi datti a juya wata. Tsumman da ya riga ya taɓa datti kada a sake tsoma shi a ruwa mai kyau. A wanke da omo ko sabulu tukuna kafin a sa bilic irin su Hypo ko Jik, domin maiƙo da datti suna kashe ƙarfin sinadarin kulorin. In kwalbar ta nuna ƙarfinsa kashi 3.5 cikin ɗari ne, murfi ɗaya a murfi 34 na ruwa ya isa goge tebur da daɓe a ranakun lafiya. A haɗa sabo kowace rana, na jiya ya sane. Kada a taɓa gauraya bilic da ruwan wanke masai mai asid, hayaƙin da ke tashi guba ne mai ƙona huhu, kuma banɗakunanmu ƙanana ne marasa taga. Daga ƙarshe a shanya komai a rana har ya bushe ƙarau. Rana kam Allah ya hore mana ita kyauta, mofa ce kawai muke kifewa a cikin bokiti ta kwana tana tsami.

Lokacin hunturu kuma a riƙa yayyafa ruwa kafin shara kamar yadda iyayenmu ke yi, a rufe abinci tukuna. Ƙurar da tsintsiya ta tayar ba ta da wurin sauka sai kan tiren da ke buɗe.

Shin ko kun san cewa ba masu abinci kaɗai abin ya shafa ba? Makarantun Islamiyya da na boko masu zaman kansu, inda yara ɗaruruwa ke bin banɗaki biyu ko uku, kuma mofa ɗaya ke zagaya aji da ofis da bayi. Gidajen wanka da bahaya na kuɗi. Masallatai, inda bokitin wanke wurin alwala ba shi ne ya kamata ya zama na makewayi ba. Kemis da ake yin allura da wankin ciwo a bayan labule. Masu aski, masu markaɗe, masu fura da nono da ke ɗauraye ludayi da kwano a ruwa ɗaya tun hantsi. Ƙananan yara su suka fi shiga haɗari, domin hannunsu kullum yana ƙasa yana baki, kuma gudawar kwana ɗaya na iya tsotse ruwan jikinsu.

Shin ko kun tuna duba-gari? Dattawan cikin birni suna ba da labarin yadda ake rawar jiki in an ce ga su nan, su leƙa randa, su duba kwata da makewayi. Makarantar koyon aikin tsafta ta Kano tun zamanin Turawa take yaye su, kuma har yau akwai jami'an lafiyar muhalli a ƙananan hukumomi. Muna kuma da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, wadda ake tsayar da zirga-zirga da safe. Amma yawanci hankali na kan bola da kwata, abin da ake gani daga titi. Da jami'an Gwale da na Birni da Kewaye za su ƙara tambaya ɗaya tak in sun shiga gidan abinci, "Malam, nuna mana bokitin bayi da na wanke-wanke," da an ga canji cikin wata guda. Ba sai an ci tarar kowa ba a karon farko. A nuna, a koyar, a dawo a duba. Ƙungiyoyin masu shayi da na mahauta ma suna da shugabanni da ake jin maganarsu, su ne suka fi kowa iya isar da wannan.

Alhaji mai shago, Hajiya mai abinci, in launi huɗu sun yi muku yawa, ku fara da ɗaya. Ku ware bokiti, tsintsiya, buroshi da tsumman banɗaki, ku sa musu ja, ku tara yaranku ku gaya musu da bakinku cewa wannan ba ya kusantar abinci. In hali ya samu ku ƙara kore na kicin. Ku kuma masu saye, in kun ga an goge muku faranti da tsumman tebur, ku yi magana cikin mutunci, ku ce a ɗauraye muku da ruwa a bar shi ya tsane da kansa.